Ranar da Khuong Ya Ce A'a

Khuong ɗan Kawu Sau ne, ɗan'uwanmu na jini, kuma duk wanda ya san shi a ƙauyenmu na bakin kogi, ƙasa da garin Sa Dec, haƙoransa ya fara sani kafin sunansa. Goggonninmu sun rantse da murmushi aka haife shi. Wai ungozoma ta ɗaka masa duka a ɗuwawu don ya yi kuka, sai ya waiwayo ya washe mata dasashi kamar mai ba da haƙuri. Ba murmushin jin daɗi ba ne. Irin namu ne, wanda mutum ke yi in ya taka ƙafar babba a jirgin fito, ko in aka kama shi da mangwaron maƙwabci a cikin riga. Kowa a nan yana da shi, na Khuong dai ya fi na kowa faɗi. Ranar da kwale-kwalensa ya kife da buhunan shinkafar mutane, haƙoran ne suka fara ɓullowa daga ruwa, sannan sauran jikin ya biyo baya. Ranar da aka binne mahaifinsa ya tsaya bakin kabari yana karɓar gaisuwa, hawaye shaɓe-shaɓe, baki a washe, kuma babu wanda ya ga aibun haka, don kowa ya san abin da ke ƙarƙashin.

Karatu bai yi nisa da shi ba. Malamai sun sallame shi da wuri, shi ma ya sallame su, aka rabu ana murmushi. Turancinsa a kan ruwa ya tsinto shi, lokacin da yake tuƙa Turawa masu yawon buɗe ido zuwa kasuwar kwale-kwale. Turanci ne irin gadar gorar da ke bayan gidanmu: ana tsallakewa, amma gwiwa na rawa.

A nan Tsoho Chin ya gan shi. Tsoho Chin shi ne mai masaƙar kwanduna ta garinmu. Yana sayen karan kainuwa a hannun masu yankowa daga kogi, a shanya shi a filinsa har ya bushe, a raba wa mata gida-gida su saƙa kwanduna da tabarmi, a loda a kwantena a kai ƙasashen da ba su da kainuwa kuma ba su san sa'ar da suka yi ba. Mutum ne gajere, mai tumbi kamar randa, wanda bai iya kalma ɗaya ta Turanci ba kuma bai ga dalilin iyawa ba. Ya ɗauko Khuong daga kwale-kwale, ya saya masa farar riga mai dogon hannu, ya ajiye masa kujera a hannunsa na dama a ɗakin baƙi.

Wannan kujera ita ce rayuwar Khuong. Ba wata kujerar a-zo-a-gani ba ce, ta katako ce, ƙafarta ɗaya ma da kwali ake tallafe ta. Amma wanda ya zauna a kanta shi ne bakin Tsoho Chin. Shi ke zuba wa baƙo shayi, shi ke shiga mota a gaba, shi ake ɗauka a hoto. Saboda kujerar, matarsa Tham ta daina zama matar mai kwale-kwale ta koma matar tafinta, masu kifi a kasuwa suna ware mata mai rai. Kusan shekara ashirin yana kanta, har katakon ya ɗauki siffar mazaunansa, in wani ya zauna sai ya ji kamar ya sa takalmin da ba nasa ba.

Aikin kuwa ya iya shi yadda ake yin sa a nan. Baƙo na saukowa daga mota zai tare shi da hannu biyu, ya tambaye shi shekarunsa. To, in ba ka san shekarun mutum ba, yaya za ka kira shi? Yaya ne, ƙane ne, kawu ne? Daga nan ya tambayi ko yana da mata, 'ya'ya nawa, me ya sa ya rame haka, ko me ya sa ya yi ƙiba haka. In baƙo ya miƙo katinsa, Khuong ya karɓa da hannu biyu, ya ɗan rusuna, ya karanta shi gaba da baya kamar takardar magani, ya shimfiɗa shi a kan tebur kusa da butar shayi. Ba a maganar ciniki sai an ci kifi a tukunyar ƙasa da miyar tsami, Khuong na ɗebo kan kifin da tsinkayen cin abincinsa yana ɗora wa baƙo a kwano, ido da komai.

Abin da ya fi ƙwarewa a kai shi ne bai taɓa ce wa baƙo a'a ba. Ko sau ɗaya. Yana da kayan aiki iri-iri. Akwai "za mu duba". Akwai "da ɗan wuya kaɗan". Akwai kuma babban, wanda ake cirowa sai ta ɓaci, wato "za mu yi iya ƙoƙarinmu", da jan numfashi ta haƙora da kallon rufin ɗaki. Ko ɗan yaye a garinmu ya ji wannan ya san an ce ya haƙura. 'Yan kasuwar Taiwan da na Koriya suna ji suna gyaɗa kai, su rage odar da kansu, a tashi babu wanda aka kunyata. Tsofaffin Turawan da suka saba zuwa kuwa, kafin a kai ga wannan wurin giyar shinkafa ta riga ta fassara musu komai.

Sai Madam Femke ta zo daga Holan.

Doguwa ce, sai da ta sunkuya ta shiga ɗakin baƙi, matan masaƙa suna leƙe ta taga suna cewa da ita ake tsinko kwakwa a ƙasarsu. Kantuna da yawa take saya wa kaya, odarta ɗaya ta fi ta mutum biyar. Khuong ya tare ta da hannu biyu, ya yi tambayarsa ta farko.

"Shekaruna ba sa cikin kwangila," in ji ta.

Tsoho Chin ya miƙa mata katinsa da hannu biyu, mai ruwan zinariya, wanda aka bugo masa a birnin Saigon. Ta karɓa da 'yan yatsu biyu, ta juya bayansa ta rubuta lambar waya, ta cusa shi a aljihun bayan wandonta, ta zauna. Ta zauna a kan sunan Tsoho Chin, da sunan ubansa, da na masaƙarsa. Khuong ya ji kamar a kan fuskarsa aka zauna. Kifi kuma ta ce ta gode, ta ci biskit a mota, a nuna mata sito.

Duk da haka aka ƙulla ciniki, ta koma ƙasarsu. Sai damina ta zo da abin da ta zo da shi. Ruwa ba dare ba rana, har kwaɗi suka gaji da kuka. Karan kainuwa ya ƙi bushewa, wanda ya bushe ya yi fumfuna, matan na saƙa suna atishawa. Madam Femke ta bugo waya ta tambaya ko kayan za su shiga jirgi kafin ƙarshen wata. Khuong ya ja numfashi ta haƙora, ya dubi rufin ɗaki, ya ce za su yi iya ƙoƙarinsu. Ya ajiye wayar ransa fes, don a ganinsa ya gaya mata gaskiya tsirara, har yana jin ya ɗan yi mata rashin kunya. Ita kuwa rufin ɗakin ba ta gani ta waya. Ta kama wa kayan wuri a jirgin ruwa, ta sanar da kantunanta kaya na tafe.

Da ta zo da kanta ta tarar da rabin kwandunan ba a ma fara su ba, a tsakar filin shanya ta tsaya, gaban matan masaƙa da masu dako da direbobi, ta ɗaga murya. A garinmu babu mai ɗaga murya haka sai wanda gidansa ke cin wuta. Ta nuna Khuong da yatsa, a fuska.

"Kai ka ce mini za a yi!"

Kunya ta rufe shi tun daga ƙeya har dunduniya. Kuma kunyar Khuong hanya ɗaya ta sani ta fita. Bakin ya fara buɗewa da kansa.

"Murmushi kake yi?"

Ya so ya rufe, abin ya ƙi. Tana ƙara faɗa yana ƙara faɗi, har wata 'yar dariya ta kuɓuce masa, hi-hi-hi, irin ta mutumin da ke roƙon ƙasa ta tsage. Matan masaƙa suka sunkuyar da kai don tausayi, su ma suna murmushi. Madam Femke ta waiga ta ga fili guda cike da haƙora. Fuskarta ta yi ja kamar dafaffiyar ƙaguwa.

"Dariya kuke mini? Ni za ku mayar abin wasa?"

Kafin ta shiga mota ta bar saƙo: za ta dawo sau ɗaya tak, kuma in aka sake yi mata wasa da hankali, ita da masaƙar nan har abada.

Tsoho Chin yana da 'ya, Quyen, wadda ta yi karatun kasuwanci a Melbourne, can ƙasar Turawa, ta dawo da Turanci mai santsi da tabarau. A ofis take, gaban kwamfuta, tana ƙirga kwanakin da za ta gudu Saigon. Kowa ya san in kujerar ta kuɓuce wa Khuong, ita za a ɗora, kuma babu abin da ta tsana kamar zuba wa mutane shayi. Don haka ta roƙi ubanta ya bar mata shi ta gyara.

"Kawu Khuong, zauna nan. Dube ni."

"Ina kallonki ai."

"Maɓallin rigata kake kallo. Idona za ka kalla."

"Haba 'yata, ido kuma? Me na yi miki?"

"Su haka suke. In ba ka dubi idonsu ba, sai su ce ƙarya kake. To, rufe bakin."

"A rufe yake."

"Kawu, ina ganin haƙorinka na gwal daga nan, wanda ke can ƙurya."

Ya tattaro leɓɓansa ya haɗe su da ƙyar, kamar mai ɗaure buhun da ya cika ya batse.

"Yauwa. Yanzu ni ce Madam. Kwandunan za su samu kafin ƙarshen wata?"

"Da ɗan wuya kaɗ..."

"A'a! Ka ce a'a. Ƙwaya ɗaya, ba miya, ba gishiri."

"Haka kawai, gatsau? Ga baƙuwa? Wadda ta tsallako teku?"

"Haka suke so. A wurinsu wanda ya ce a'a da wuri shi ne mutumin kirki. Kuma duk abin da aka faɗa a tebur ka fassara shi yadda yake, kada ka yi masa kwalliya. Kwalliyar nan ce ta kai mu inda muke."

Khuong ya ɗauki abin da gaske, kamar yadda mai nitsewa ke ɗaukar igiya. Ya koma gida ya tsaya gaban madubin da ke jikin kabad, ya ɗaure fuska yana cewa a'a, a'a, a'a. Ya ce wa kare a'a. Ya ce wa agwagi a'a. Mai tallan taliya ta tsaya da kwale-kwalenta a bayan gida kamar kullum, ya dube ta tsakiyar ido ya ce a'a, matar ta tafi tana tambayar maƙwabta ko an yi rasuwa a gidan.

Tham tana fere kabewa a bakin ƙofa tana kallonsa.

"Maigida, haƙori ne ke ciwo ko basir ne ya tashi?"

"Aiki nake."

"Wannan fuskar in ka kai ta kasuwa kifi sai ya ruɓe. Ni fa da haƙora na aure ka, ban ga wannan mutumin ba ranar biki."

"Ke ba ki san yadda duniya take tafiya yanzu ba."

"Na san yadda garin nan yake tafiya. Baturiyar kwana nawa za ta yi ta koma? Kai kuwa a nan za a binne ka."

Ya dube ta a ido, ya ce, "A'a."

"A'a me? Ba a nan za a binne ka ba?"

Bai san a'a me ba. Bakin ne kawai ya saba.

Madam Femke ta dawo ana saura 'yan makonni a yi bikin Tet, wato sabuwar shekararmu. Wannan karon Tsoho Chin ya shirya mata taro na gani na faɗa, don ya wanke abin da ya faru a fili. Ya gayyato surukinsa mai injin casar shinkafa, da ƙannensa biyu, da shugabannin matan masaƙa na kowane rafi, duk suka jeru a ɗakin baƙi ƙarƙashin hoton iyayensa, turare na hayaƙi a gaban hoton. Khuong na kujerarsa, farar riga ta sha guga, fuska a ɗaure kamar ƙofar kurkuku. Quyen na tsaye a bakin ƙofa.

Madam ba ta tsaya shan shayi ba. Ta ce tana da sabuwar oda, babba, amma tana son ta kafin sabuwar shekararmu. Zai yiwu ko ba zai yiwu ba?

Khuong ya fassara. Tsoho Chin ya gyara zama, ya dubi surukinsa, ya dubi ƙannensa, ya shafa tumbi.

"Gaya mata ko ninki biyu take so ta faɗa. Gidan nan tun zamanin babana bai taɓa rasa kara ba."

Kowa a ɗakin ya san siton rabi ne. Tsohon ma ya sani, ya kuma san sun sani. Ba ƙarya yake yi ba, magana ce irin ta maigida a gaban surukinsa, wadda ake faɗa don ɗaki, ba don kwantena ba. Aikin mai kujerar dama ne ya karɓe ta, ya rage mata gishiri a hanya, ya miƙa wa baƙo abin da zai iya haɗiyewa. Daga baya, bayan kifi, a keɓe, sai a gyara ranar a hankali. Shekara ashirin abin da Khuong ke yi ke nan, ko cikin barci zai iya.

Amma ya fassara ta yadda take, ba kwalliya. Madam Femke ta saurara, ta cire tabaranta, ta juyo da kujerarta gaba ɗaya ta fuskance shi.

"Ba shi nake tambaya ba yanzu. Kai nake tambaya. Zai yiwu?"

Ya ji bakin yana son buɗewa, ya danne shi da haƙora. Ya saci kallon Quyen, ta gyaɗa masa kai kaɗan. Ya ɗago ya dubi idon Madam, shuɗi kamar na kifin da ya kwana a ƙanƙara.

"A'a," in ji shi. "Siton rabi ne. Abin da ke ciki ma wani ya yi fumfuna. Sai bayan Tet da wata biyu."

Ta saki numfashi, ta yi murmushi, karo na farko tun da muka san ta. Ta ce to ya gaya wa maigidan abin da ya gaya mata, don kowa ya zama a kan magana ɗaya.

Da a nan ya tsaya, ya ce wa tsohon Madam ta yi sassauci ta ƙara lokaci, da har yau yana kan kujerarsa. Quyen ma daga bakin ƙofa ta fara girgiza kai, tana yi masa alama da hannu. Bai gan ta ba. Mutumin da ya yi makonni yana horar da wuyansa ya juya, ya dubi Tsoho Chin tsakiyar ido, a gaban surukinsa da ƙannensa da hoton iyayensa, ya faɗa da harshenmu, da murya irin ta gaban madubi:

"Yaya, abin da ka faɗa ba zai yiwu ba. Na gaya mata siton rabi ne, kuma ya yi fumfuna."

Surukin ya sami wani abu mai ban sha'awa a cikin kofin shayinsa. Shugabannin mata suka dubi yatsun ƙafarsu.

Madam Femke ba ta ga komai ba. Ta miƙe ta kama hannun Khuong ta girgiza da ƙarfi, shi da farko, kafin maigidan, tana faɗin wata magana da fara'a.

"Me ta ce?" in ji Tsoho Chin, a hankali.

Bakin da ya sha horo ba ya tsayawa tambayar mai shi.

"Ta ce sai yau ta sami mai gaskiya guda ɗaya a gidan nan."

Sai Tsoho Chin ya yi dariya. Ya yi ta, ya yi ta, tumbi na rawa, har da share ido. Ya jawo butar shayi da kansa, ya zuba wa Khuong, ya miƙa masa da hannu biyu. Madam ta sa hannu a kwangila a kan sabuwar ranar, ta ma yarda ta ci kifi.

Khuong ya koma gida a kan babur yana jin kamar shi ya kori Faransawa daga ƙasar. Ya ba Tham labari tun daga farko. Tana tsintar shinkafa a faranti, ba ta ɗago ba sai da ya kai wurin shayin.

"Da kansa ya zuba maka?"

"Da hannu biyu!"

"A gaban surukinsa?"

"A gaban kowa."

Ta ajiye farantin.

"Wayyo ni," in ji ta. "Cire rigar in wanke in ninke maka."

Babu wanda ya kore shi. A garinmu ba a korar mutum, sai dai a ɗaga shi sama har ya rasa wurin taka ƙafa. A walimar ƙarshen shekara, da rana tsaka, an jera tebura a farfajiyar masaƙa, ga naman alade da ƙwai, ga kankana, ga giya. Khuong ya nufi teburin farko kamar kullum, sai ya tarar Quyen a hannun daman ubanta, ido jawur, ta ƙi dubansa. Wani ƙanen tsohon ya kama shi da fara'a ya raka shi teburin ƙarshe, kusa da murhu, wurin direbobi da masu dako. Da aka ci aka sha, Tsoho Chin ya miƙe da kofi a hannu, ya yabi Khuong yabon da ko gawa ba a yi wa. Ya ce a duk faɗin lardin nan babu wanda ya san halin kara, busasshe da mai fumfuna, kamar wannan ƙanen nasa. Don haka daga sabuwar shekara ya naɗa shi shugaban filin shanya gaba ɗaya. Aka tafa. Direbobi suka cika masa kofi, aka ƙirga ɗaya, biyu, uku, aka shanye.

Filin shanya ba shi da ma'aikaci ko ɗaya sai shugabansa.

A cikin kwanakin Tet ya sa Tham a gaba suka tafi gidan tsohon da gwangwanin shayi mai kyau da kwalbar giya a jar takarda. Ya tsaya gabansa, hannu a harɗe a ƙirji kamar ɗan makaranta, ido a ƙasa, ya fara ba da haƙuri. Fatansa ɗaya, tsohon ya zage shi. Ya kira shi jaki, ɗan kwale-kwale, butulu, ya jefe shi da takalmi in ya so. Wanda aka zaga a nan, an bar masa ƙofa.

"Haƙurin me kuma, ƙanena?" in ji Tsoho Chin, fuska sake. "Wani abu ya faru ne? Ni ban tuna komai ba. Zauna, zauna. Tham, ɗebi alewar kwakwa ki kai wa yara."

Ya raka su har bakin ƙofa, abin da bai taɓa yi ba. A hanya Tham ta riƙe rigarsa ta baya a kan babur, ita da rabonta da riƙe shi tun suna saurayi da budurwa.

Haka Khuong ya koma fili, da hular kaba da doguwar sanda, yana juya kara yana kallon sama. Rana ta mayar da shi baƙi kamar gindin tukunya. Masu kifi suka koma ba Tham wanda ya riga ya juya ciki sama. Quyen ta same shi sau ɗaya a fili ta ce, "Kawu, ni na ce ka gaya wa Baturiya, ban ce ka gaya wa Baba ba," ta fashe da kuka, shi ya koma yana lallashinta. Saigon ɗin da take mafarki har yau ba ta je ba, tana nan tana zuba shayi.

Da shekara ta zagayo Madam Femke ta sake zuwa. Odarta ta ƙaru, masaƙa ta yi sabon rufi. Tana shiga ɗakin baƙi ta tambayi ina mutuminta mai gaskiya. Tsoho Chin ya ce ai ya yi tafiya birnin Can Tho, jinyar wata goggonsa, ba a san ranar dawowarsa ba. Ta nuna rashin jin daɗi, sannan ta ce a kai ta ta ga filin shanya, don ba ta son a maimaita zancen fumfuna.

Wata daga cikin matan masaƙa ce ta rugo ta bayan sito, zani a hannu.

"Yaya Khuong! Ga Baturiya nan tafe da maigida. Kuma an ce mata kana Can Tho!"

Ya tsaya da sandarsa a tsakiyar fili. Fili ne fetal, ba bishiya, ba rumfa. Yana jin muryoyinsu suna zagayo kwanar sito. In ya tsaya a inda yake, za ta gan shi, ta kama hannunsa ta girgiza, ta tambayi abin da ya kawo shi nan da hular kaba, kuma ita irin mutanen da ke buga tebur ne a kan abu irin wannan. Wataƙila ma ta ce in ba shi a kujera, babu ciniki. Ya san haka sarai. Ya kuma san wanda zai tsaya a gefe, a gaban 'yarsa da ma'aikatansa, an kama shi da zancen Can Tho a baki.

Ya jefar da sandar, ya kwanta a bayan wani tulin kara, ya jawo tamfol ya rufa.

Rana ta tsakiyar sama, tamfol ɗin kamar murfin tukunya. Tururuwa ja suka same shi, suka aika gida a kirawo dangi. Yana jin takun takalminta yana matsowa, ta tsaya dab da kansa, ta zari kara ɗaya daga tulin, ta karya, ta shinshina. Ta ce wannan shanya ta yi kyau, duk wanda ke kula da filin nan ya san aikinsa. Quyen ta fassara da wata irin murya. Tsohon ya ce ai gidan nan tun zamanin babansa haka yake. Suka daɗe suna zagaye, Madam ba ta bar tuli ko ɗaya ba. Khuong bai motsa ba, ko da wata tururuwa ta shige masa kunne.

Sai da ya ji ƙarar mota ta yi nisa sannan ya yaye tamfol ɗin, ya miƙe jiƙe sharkaf, jiki duk rudu-rudu. Yana kakkaɓe wando ya ga Tsoho Chin tsaye a bakin fili shi kaɗai, hannu a baya. Tsohon ya dube shi tun daga sama har ƙasa, ya dubi tamfol ɗin, ya dubi shatin jikin mutum da ya kwanta a ƙasa.

"Af, ƙanena, har ka dawo daga Can Tho?"

"Na dawo, Yaya."

"Yaya jikin goggon?"

"Da sauƙi, Yaya."

"To madalla. A gaishe ta." Ya ɗaga kai ya dubi gabas, inda hadari ya fara haɗowa. "Ka tattara karan nan kafin ruwa ya sauko."

Ya juya ya koma ɗakin baƙi. Khuong ya sunkuya ya ɗauki sandarsa, ya fara daga tulin da ke can ƙarshen fili.